Abin da Renata Ta Gani a Filin Baya

Akwai wata mata a nan garinmu Erie mai suna Renata Pawlak. Shekarunta arba'in da huɗu, tana aiki a ɗakin gwajin ruwan sha na gari, kuma duk wanda ya san ta ya san ba ta yin abu da ka. Ko miya za ta yi, sai ta auna gishirin.

Shekara goma sha shida ke nan tana cikin gasar besbol ta takarda da ake yi a ɗakin ƙasa na zauren 'yan Poland da ke unguwarsu. Besbol wasa ne da mai jifa ke wurgo ƙwallo, mai bugu ya doke ta da sanda. Su goma sha biyu ne. Kowace shekara kafin a buɗe kakar wasa, kowa zai zaɓi 'yan wasa na gaske daga manyan ƙungiyoyin ƙasa, ya haɗa tasa ƙungiyar a takarda. Abin da 'yan wasan suka yi a fili, shi ne makin wanda ya zaɓe su. Wanda ya fi maki a ƙarshen Satumba shi ke tafiya gida da kofi.

Kofin ba wani abin kallo ba ne. Guntun bututun ƙarfe ne da aka ɗora wa tsohuwar ƙwallo a kai, sai farantin tagulla a gindi inda ake buga sunan zakara. Amma mahaifin Renata, marigayi Leon Pawlak, shi ya ƙera shi da hannunsa, shekarar da suka kafa gasar shi da amininsa Stash Banik. Sunan Leon yana jikin tagullar sau huɗu.

Da Leon ya rasu, Renata ta gaji kujerarsa da ƙungiyarsa. Tun daga ranar sunan Pawlak bai ƙara hawa kofin ba. Ta zo ta biyu sau uku. Ba ta taɓa faɗa wa kowa yadda abin yake cin ta ba, amma duk shekara idan aka miƙa wa wani kofin, sai ta tashi ta shiga kicin ta ce za ta taya wanke-wanke.

Wanda ya fi kowa ɗaukar kofin bayan rasuwar Leon shi ne Gil Sobczak, mai gyaran rufin gidaje. Makarantarsu ɗaya da Renata tun suna yara, yana gabanta da aji biyu. Gil ba ya karatun komai, da hanci yake zaɓen 'yan wasa, kuma sau biyar hancin ya kai shi. Bai taɓa kiranta da sunanta ba sai Farfesa, saboda jakar takardun da take shigowa da ita.

"Ki ci gaba da lissafi, Farfesa," in ji shi duk shekara. "Ni kuma in ci gaba da goge miki kofin babanki."

Renata takan fara shirin sabuwar kaka tun makon farko na Janairu, lokacin da dusar ƙanƙara ta rufe motoci a bakin titi. Kowane ɗan wasa yana da katinsa a cikin wani akwatin takalmi. A jiki akwai shekarunsa, abin da ya yi a kaka uku da suka wuce, da duk raunin da ya taɓa ji. Masu jifa da jan biro, masu bugu da shuɗi. Takan yi awa ɗaya a kan katunan bayan ta dawo aiki, ta rufe akwatin ko da tana tsakiyar kati.

Dokokin gasar kaɗan ne. Kowa yana da damar riƙe 'yan wasa huɗu daga ƙungiyarsa ta bara, sauran a mayar da su a sake zaɓe. Ba a riƙe ɗan wasa fiye da shekara uku. Mutum biyu za su iya yin musayar 'yan wasa da musafaha a kowane lokaci cikin hunturu, amma musayar ba ta tabbata sai Baffa Stash, wanda shi ne alƙalin gasar, ya rubuta ta a cikin koren littafinsa. Yakan rubuta ne ranar Juma'ar ƙarshe ta Fabrairu da ƙarfe shida na yamma, a wurin cin soyayyen kifin azumin Ista. Abin da ya shiga littafi ya shiga. Ko ɗan wasan ya karye washegari, ba a warwarewa.

A watan Nuwamban da ya gabata, Renata da Gil sun yi musafaha a kan wata musaya. Ita masu jifa sun yi mata yawa, ba ta da mai bugu na kirki. Shi kuma masu bugu gare shi, masu jifarsa duk tsofaffi. Za ta ba shi Wilmer Pastrana, matashin da ya fi kowa iya jifa a hannunta. Shi zai ba ta Trent Okerlund, wanda ba ya kaka bai tura ƙwallo arba'in bayan katangar fili ba, wato bugun da ya fi kawo maki, kuma shekara ɗaya ta rage a iya riƙe shi.

Shekara ɗaya ta ishe ta. Ta yi lissafin sau uku ta hanyoyi daban-daban, duk suka nuna abu guda. Da Okerlund a ƙungiyarta, babu wanda zai kamo ta.

Akwai wani tsohon abu tsakaninsu. Shekara shida da suka wuce Gil ya ba ta wani mai taren ƙwallo a musaya. Baffa Stash ya rubuta da ƙarfe shida, kafin ƙarfe bakwai kowa ya ji cewa ɗan wasan ya ji rauni a gwiwa tun da safe. Gil ya rantse bai sani ba. Babu wanda ya yarda da shi, amma littafi littafi ne. Renata ta ƙare ta tara a shekarar.

To, wani ɓangare na shirin Renata shi ne duk ƙarshen Fabrairu takan ɗauki hutun mako guda ta tafi Florida, inda ƙungiyoyi suke atisayen share fage. Takan sauka wurin ƙanwar mahaifinta, Goggo Dolores, wadda ta gudu can tun da sanyi ya fara kama mata ƙafafu. Mutane sukan cika babban fili don ɗaukar hoto da taurari. Renata filayen baya take zuwa, inda masu jifa suke gwaji ba 'yan kallo ba 'yan jarida. Takan tsaya a bayan wayar shinge da littafinta tana ƙirga jifa.

Ranar Juma'ar nan ta ƙarshe, da ƙarfe tara da rabi na safe, ta je ta yi wa Pastrana kallon bankwana. Ban da ita, sai wasu tsofaffi biyu da ke gardama a kan inda ake kama kifi.

Jifa goma na farko sun fita lafiya. A na goma sha ɗaya ƙwallon ta faɗi ƙasa tun kafin ta isa wurin mai tarewa. Pastrana ya tsaya. Ya yarfe hannunsa sau biyu, ya dunƙule yatsunsa ya buɗe, kamar wanda hannunsa ya yi sanyi. Sannan ya kai babban yatsansa na hagu ya danna cikin gwiwar hannunsa ta dama. Koci ya matso. Suka yi magana kowa ya rufe bakinsa da safar hannu. Sai ga wani mutum ya zo da tawul, ya dafa bayan yaron, suka bi ta ƙofar gefe ba tare da gaggawa ba.

Tsofaffin nan ba su ma ɗago kai ba.

Renata ta daɗe a tsaye riƙe da wayar shingen. A shekarun da ta yi tana zuwa nan, sau biyu ta taɓa ganin mai jifa ya danna wannan wurin da yatsa. Dukansu biyu tiyata aka yi musu, ba su sake jifa ba sai bayan shekara. Ta duba wayarta. Babu labari a ko'ina. Ta san halin ƙungiyoyi: sai an ɗauki hoton hannun, likita ya duba, sannan a ce wani abu, kuma hakan ba zai yiwu ba kafin ƙarfe shida.

Ta koma gida ta tarar Goggo Dolores ta soya tsiran nama da kabeji. Tana cikin ba ta labari, goggon ta aje cokali.

"Wane Gil? Ɗan gidan Sobczak, wanda ya cuce ki a kan mai taren nan?"

"Shi."

"To, mene ne abin tunani? Ke likita ce? Kin ga yaro ya taɓa hannunsa. Wataƙila sauro ne ya cije shi. Ci abincinki, 'yar nan."

Renata ta ce ba sauro ba ne, kuma ta san ba sauro ba ne.

Goggo Dolores ba ta ƙyale ta ba. Ta ce ai babu wanda ya hana Gil hawa jirgi ya zo ya tsaya a rana kamar yadda ita take yi. Ta ce wanda ya yi wahalar zuwa ya gani, abin da ya gani nasa ne. Ta tuna mata cewa dokar littafin ma yayanta Leon ne ya rubuta ta da kansa, kuma shi ya san abin da yake yi. Ta ƙara da cewa uwar Gil ma haka take, ta taɓa cin gasar kek a coci da girkin da ba nata ba.

Duk abin da goggon ta faɗa, Renata ta riga ta faɗa wa kanta a cikin mota. Ba ƙarya za ta yi ba. Ba wanda zai tambaye ta. Shiru kawai za ta yi na awa biyar, kuma babu mai sanin ta tsaya a filin baya da safen nan. Idan ma an sani, rabin zauren cewa za su yi Gil ya gamu da daidai shi.

Ta fita baranda da littafinta. Ta buɗe shafin ranar, inda ta rubuta da hannunta: jifa na goma sha ɗaya, ƙasa, ya danna gwiwar hannu, ya fita. Ta tuna ranar da babanta ya kawo dokar. Tana yarinya a lokacin, tana zaune a kan matakala. Mutum biyu ne suka kusa dambe a kan ɗan wasan da ya yi hatsarin mota kwana biyu bayan musaya. Dokar an yi ta ne don abin da babu wanda ya sani a cikin biyun.

Sai ta yi tunanin farantin tagullar. Idan aka buga sunanta a ƙarƙashin na babanta, kofin zai zauna shekara guda a kan kabad ɗin falonta. Kuma ta san kanta. Duk safiyar da ta wuce ta gabansa za ta ga yatsan yaron nan a kan gwiwar hannunsa.

Da ƙarfe uku ta kira Gil. Yana kan wani rufi yana fasa ƙanƙara, iska tana kaɗawa a cikin wayar.

"Farfesa. Kin kira ki yi wa yaronki kukan rabuwa ne?"

Ta faɗa masa abin da ta gani, daki-daki, kamar tana karanta sakamakon gwajin ruwa. Ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Ta ce ita ba likita ba ce, kuma mai yiwuwa ba komai, amma a ganinta jijiya ce.

Gil ya yi dariya. "Wannan sabuwar dabara ce? Kin je kin ga yana jifa kamar harsashi, yanzu kina so in ce na fasa."

"Ban janye hannuna ba. Idan kana son sa, ƙarfe shida Baffa ya rubuta. Abin da na gani ne kawai na faɗa maka."

Ta ji ya aje guduma.

"Da gaske kike."

"Da gaske nake."

"To na fasa," in ji shi. Sannan, kamar abin ya ba shi haushi, ya ƙara da cewa, "Kin san dai da ni ne na gani, ba zan kira ki ba."

"Na sani."

"Shi ya sa ba ki taɓa cin kofi ba, Farfesa. Ki gaida mini Goggo Dolores."

Kafin ƙarfe shida ta kira Baffa Stash ta karanta masa sunayen mutum huɗun da za ta riƙe. Babu Okerlund, babu Pastrana. A madadinsu ta sa wani mai bugu wanda ba yabo ba fallasa. Tsohon ya riga ya ji labari daga Gil. Ya maimaita sunayen a hankali yana rubutawa, sannan ya tambaye ta ko can ma ana samun kifin kirki.

Ranar Litinin ƙungiyar ta sanar. Jijiyar gwiwar hannun Pastrana ta tsinke, za a yi masa tiyata, ba zai yi wasa ba a wannan kaka. Goggo Dolores ta gani a talabijin, ta kalli Renata, ta girgiza kai ta tafi shayar da furanninta.

Renata ta dawo Erie saura mako uku a yi zaɓen 'yan wasa, kuma duk shirin da ta yi tun Janairu an gina shi ne a kan Okerlund. Ta zazzage akwatin takalmin a kan tebur ta sake farawa. Tunda babu mutum ɗaya da zai ba ta ƙwallo arba'in, sai ta nemi mutum uku da kowa zai ba ta ashirin, irin waɗanda ba a rububinsu saboda ƙungiyoyinsu ba sa fitowa a talabijin. Awa ɗayanta ta koma biyu. Ta kuma ware wata Lahadi ta bi tarihin masu jifa da dama da aka yi wa irin tiyatar Pastrana, ta rubuta watannin da kowa ya ɗauka kafin ya dawo da yadda ya dawo. Ta haɗa takardun da katinsa ta sa a ƙasan akwati.

Ranar zaɓe Asabar ce, ƙarfe ɗaya na rana. An liƙa babban allo a bango mai layi goma sha biyu, an jera tiren pierogi, wato ƙullin fulawa mai ciko na 'yan Poland, da soyayyar albasa a kan teburin wasan biliyad. Wanda ya zo na ƙarshe bara yana sanye da rigar girki yana zuba wa mutane, kamar yadda aka saba. Kofin yana gaban Baffa Stash kusa da koren littafi.

Tana shigowa Gil ya miƙe ya cire hularsa.

"Jama'a, a tashi tsaye. Sista Renata ta coci ta iso. Wanda yake da zunubi ya je ya faɗa mata, za ta ba shi ɗan wasanta kyauta."

Aka yi dariya, har da ita kaɗan. Ya ba da labarin wayar sau biyu, a na biyun ya ƙara gishiri har da cewa ta yi kuka. Marlene Dudek, matar da ke da shagon furanni kuma ita ce mace ta biyu a gasar, ta ce masa ya zauna kafin pierogi ya huce, bakinsa ya samu aikin yi.

Aka fara. Zagaye bayan zagaye, kowa ya kira suna, a liƙa shi a allo. Renata ba ta ɗago kai daga katunanta ba sai idan an zo kanta. Wasu sunayen da ta kira sai da Baffa Stash ya ce ta maimaita, don bai taɓa jin su ba. Gil kuwa ya kwashi masu bugu masu suna kamar kullum, ya ce masu jifa ai a hanya ake tsintar su.

A zagaye na ƙarshe, lokacin da mutane suka fara neman rigunan sanyinsu, aka zo kanta.

"Wilmer Pastrana," ta ce.

Ɗakin ya ɗauka da shewa. Wani ya ce ta haɗa da sandar dogarawa. Gil ya ce ashe Sista ta buɗe gidan jinya. Renata ba ta yi bayani ba. Kowace ƙungiya tana da gurbi ɗaya na mai rauni, wanda ba ya cin wurin kowa, kuma tunda sabon zaɓe ne, shekarunsa uku na riƙo sun koma farko. Ta tashi ta liƙa sunansa da kanta a ƙasan layinta.

Watan Afrilu da Mayu sun yi mata wuya. Okerlund ya buɗe kaka kamar an aiko shi. Duk ranar da ya tura ƙwallo bayan katanga, Gil zai turo mata saƙo: hoton kofin da tsumman gogewa a gefe. Ba ta taɓa amsawa ba. Kowace safiya kafin ta tafi aiki takan duba wa zai yi wasa, wa ke hutu, ta gyara jerin 'yan wasanta. Daga ta shida ta koma ta biyar, a tsakiyar Yuni ta zama ta uku. Nan ta tsaya. Lissafinta ya nuna nan za ta ƙare, don har yanzu bugun bai ishe ta ba.

Gil kuma sai masu jifarsa suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda tsofaffi kan yi idan zafi ya shigo. Waɗanda ya ce a hanya ake tsinta, bai tsinci ko ɗaya ba. Kafin ƙarshen Yuli yana na tara. Saƙonnin suka daina zuwa.

Ƙarshen Yuli shi ne wa'adin musaya na tsakiyar kaka. A al'adar gasar, wanda ya ga kofin bana ya wuce shi yakan ba da taurarinsa ya karɓi waɗanda za su amfane shi baɗi. Okerlund ba zai riƙu ba bayan wannan shekarar, saboda haka kowa ya san Gil zai sake shi. Mutum huɗu suka kai masa tayi. Renata ba ta kai ba. Ba ta ga abin da take da shi wanda zai fi nasu ba.

Wata Asabar da hantsi tana ɗaure tumatir a bayan gida, sai ta ji motar aikinsa ta tsaya. Ya zagayo ta gefe hannu a aljihu. Ya yi maganar zafi, ya ce tumatirinta sun fi na matarsa.

"Faɗa mini gaskiyar hannun yaron nan," ya ce.

Ta wanke hannu ta ɗauko katin Pastrana da takardun da ta haɗa da shi. Ta karanta masa duka a tsaye. Ta ce tiyatar ta yi kyau bisa abin da aka sanar, kuma ya fara jifa a hankali. Ta ce yawancin waɗanda ta bi tarihinsu sun dawo da ƙarfinsu, amma akwai waɗanda ba su ƙara zama kamar da ba, kuma babu mai iya ba shi tabbacin ɓangaren da Pastrana zai faɗa. Ta ce kada ya sa rai da shi a watan Afrilu mai zuwa, ya ɗauka sai Yuni.

"Na ba ki Okerlund, ki ba ni shi."

"Tayin Marlene ya fi wannan. Matasa biyu ta ba ka, kuma duk lafiyarsu ƙalau."

"Haka ta ce." Ya sosa ƙeya. "Mako guda na yi ina binciken kowane yaro da aka kawo mini. Kowa ya faɗi abu, sai in je in duba ko akwai abin da ya ɓoye. Kaina har ciwo yake. Ke ce kaɗai idan kika faɗa, ba sai na duba ba."

Ta miƙa masa hannu, suka yi musafaha a tsakanin layin tumatir. Musayar da suka yi a Nuwamba ce, ba ƙari ba ragi, sai dai yanzu kowa ya san abin da yake karɓa.

Har ya juya zai tafi, ya tsaya yana kallon indararon rufinta.

"Mai taren nan na shekarun baya," ya ce, bai dube ta ba. "Na ji labarin a rediyon mota kafin in shiga zaure."

"Na sani."

"Na san kin sani." Ya nuna sama da haɓa. "Indararon nan ya saki. Zan zo ranar Talata in ɗaure shi."

Baffa Stash ya rubuta musayar da yammacin ranar. A watanni biyun da suka rage Okerlund ya tura ƙwallo goma sha bakwai bayan katanga, duk a layin Renata. Mutanen nan uku da ba wanda ya san su suka ci gaba da kawo nasu kaɗan-kaɗan. A makon ƙarshe na Satumba ta wuce Marlene, wadda a lokacin take kan gaba, kuma ranar Lahadin da aka rufe kaka, tazarar da ke tsakaninsu maki ɗaya da rabi ne.

A wurin liyafar rufe gasa, Baffa Stash ya fito da ƙaramin akwatin ƙarfe mai ɗauke da haruffan bugawa, waɗanda Leon ya bari. Hannun tsohon ya fara rawa a 'yan shekarun nan, sai ya ce wani ya riƙe masa kofin. Gil ne ya taso ya riƙe. Aka buga harafi bayan harafi, kowa yana jin ƙarar gudumar: R. PAWLAK.

Da aka gama, Gil ya zaro tsumman gogewar daga aljihunsa ya ɗora a kan kofin, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Ranar Asabar ake goge shi, Renata," ya ce.

Wannan karon ba ta shiga kicin ba. Ta zauna da kofin a cinyarta, ta sa yatsa tana bin sunanta da na babanta, har aka fara kwashe kujeru.

Darasi: Gaskiyar da za ta jawo maka asara, a kan mutumin da ya taɓa cutar ka, a lokacin da babu mai ganin ka, ita ce ke nuna ko kai wane ne. Ka faɗe ta, ka yi haƙuri da dariyar da za a yi maka, ka koma ka ci gaba da aikinka. Ranar da mutane suka gaji da binciken juna, ƙofar wanda ba sai an bincike shi ba za su ƙwanƙwasa. Idan labarin nan ya taɓa ka, ka tura wa wani da kake hulɗa da shi, ko a wasa ko a sana'a, shi ma ya karanta.